Nauyin da Gaɓoɓi Ke Ɗauka: Ilimin Motsin Jiki da Aikin Ƙarfi a Kudancin Katsina

Ilimin motsin jiki, wanda masana ke kira bayomekaniks, fanni ne da ke auna ƙarfin da ke sauka a kan ƙashi da tsoka da gaɓoɓi yayin da mutum yake tafiya, ko sunkuyo, ko ɗaukar kaya. Sanin ƙirar jiki daga likitanci ya samo shi, lissafin nauyi da juriya kuma daga injiniyoyi. Jikin baligi yana da ƙasusuwa 206 da tsokoki fiye da 600, kuma a kan kowannensu tambaya ɗaya fannin yake yi: nawa yake ɗauka, sau nawa a yini, a wane matsayi kuma yake fara gazawa. A Tafoki da sauran garuruwan Faskari, Ƙanƙara da Sabuwa, inda masara da dawa da auduga da waken suya ke fitowa daga ƙarfin damtse, tambayar ta taɓa rumbu kai tsaye. Manomin da bayansa ya riƙe a tsakiyar damina, gonarsa ce za ta biya.

Yadda tsoka ke aiki

Tsoka ja kawai take yi, ba ta turawa. Shi ya sa kowace gaɓa take da tsokoki ta fuska biyu, masu lanƙwasa ta da masu miƙar da ita. Abin da ya fi ba ɗalibi mamaki a darasin farko shi ne wurin da tsokar take kama ƙashi. Tsokar gaban damtse tana manne da ƙashin hannu a tazarar kamar santimita 4 zuwa 5 daga gwiwar hannu, alhali tafin hannu yana nesa da gwiwar da kamar santimita 35. Wanda zai banƙare dutse da sandar ƙarfe yakan kama can ƙarshen sandar don aikin ya yi masa sauƙi. Tsoka kuwa kusa da gindi ta kama. Saboda haka mutumin da ya riƙe kaya mai kilo 5 a tafinsa, hannu a lanƙwashe, tsokarsa tana jan abin da ya kai kilo 35 zuwa 44. Ladan wannan wahala shi ne sauri: tsoka ta gajarta kaɗan, hannu ya yi tafiya mai nisa.

Wanda ya fara lissafa wannan dalla-dalla shi ne Giovanni Borelli, masanin lissafi ɗan ƙasar Italiya, a littafinsa kan motsin dabbobi da ya fito a 1680 da 1681, bayan rasuwarsa. Kafinsa likitocin Musulmi sun yi nisa a ɓangaren aiki. Az-Zahrawi na Andalus ya keɓe wani sashe na littafinsa At-Tasrif ga karaya da gocewar ƙashi. A 1892 Julius Wolff na Jamus ya bayyana cewa ƙashi yana sake gina kansa daidai da nauyin da ake aza masa, ya yi kauri inda ake matsa masa, ya zaizaye inda aka bar shi ba aiki. A 1938 A. V. Hill na Ingila ya nuna cewa gwargwadon saurin gajartar tsoka, gwargwadon raguwar ƙarfin da take bayarwa. A 1954 kuma wasu rukunoni biyu na masu bincike, ɗaya na Andrew Huxley ɗaya na Hugh Huxley, suka gano cewa zaruruwa iri biyu ne ke zamewa a tsakanin juna a cikin tsoka, kuma wannan zamewar ce gajartarta.

Awon da ya fi kowanne kai tsaye an yi shi ne a Berlin, inda Georg Bergmann da abokan aikinsa suka saka na'urar awo a cikin kwatangwalon roba da ƙarfe da aka dasa wa marasa lafiya. Sakamakon da suka buga a 2001 ya nuna cewa a tafiya ta yau da kullum mahaɗar kwatangwalo tana ɗaukar kusan ninki biyu da rabi na nauyin mutum a kowane taku. Akasarin wannan nauyi daga jan tsokokin da ke kewaye da gaɓar yake zuwa.

Sai dai akasarin awon da aka yi a jikin ɗan adam an yi su ne a kan mutanen da ke zama a kujera, suna aiki a ofis ko masana'anta. Jikin da ke wuni a sunkuye a kan kunya, ya ɗauki buhu a ka, ya ci abinci a tabarma, kaɗan ne daga cikin ayyukansa suka shiga littattafan fannin.

Fartanya da gadon baya

Aikin damina a kudancin Katsina yana tafiya ne daki-daki: sharar gona, shuka, noman firi, maimai, huɗa, sannan girbi. Mai shanun huɗa ko mai halin hayar tarakta ya rage wani abu, maganin feshi ma ya rage noman ciyawa, amma fartanya da hauya masu gajeren ƙota ba su bar hannun ƙaramin manomi ba, kuma dukkansu a sunkuye ake aiki da su.

Lissafin sunkuyo yana da sauƙin bi. Idan mutum ya karya ƙugu ya duƙa, nauyin kansa da ƙirjinsa da hannuwansa, wanda ya haura rabin nauyin jikinsa, yana rataye ne can gaba da ƙasan baya. Tsokokin da za su tare shi suna tazarar kamar santimita 5 kawai daga tsakiyar ƙashin bayan. Dole su ja da ƙarfi mai yawa, kuma duk jan da suka yi yana matse faifan guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan. A 1999 Hans-Joachim Wilke na Jamus ya sa aka cusa na'ura a cikin irin wannan faifai a bayan wani mai sa-kai. Da mutumin ya ɗaga kilo 20 da baya a ranƙwafe, matsin ya haura ninki huɗu na wanda aka samu yana tsaye kawai. Da ya karya gwiwa ya ɗaga, ya koma ninki uku da ɗoriya. Da ya rungume kayan a jikinsa, ninki biyu da 'yan kai ne. Wannan awo da ake ta kafa hujja da shi a duniya a jikin mutum ɗaya aka yi shi, abin da ke nuna ƙarancin irinsa.

Akwai wani abu kuma da aka sani tun shekarun 1950. Idan mutum ya duƙa har ƙarshe, tsokokin bayansa sukan saki, nauyin ya koma kan igiyoyin da ke ɗaure ƙasusuwa. Igiyoyin nan suna miƙewa a hankali idan aka daɗe a haka, kuma ba sa komawa nan take. Manomin da ya kai ƙarshen kunya ya miƙe da ƙyar, hannu a ƙugu, yana jiran baya ya daidaita, abin da yake ji ke nan.

Binciken da ya fi kusa da gida an yi shi ne a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. A 1986 E. I. U. Nwuba da R. N. Kaul suka buga nazari kan tsayuwar manomin fartanya a Najeriya, inda suka kwatanta gajeren ƙota da dogo, suka samu cewa gajeren ya fi ɗora wa baya nauyi. A jihar Kalifoniya ta Amurka an haramta wa masu gonaki tilasta wa ma'aikata gajeriyar fartanya tun 1975, bayan doguwar shari'a kan ciwon baya.

To me ya hana manomi sauya ƙota? Gajeren ƙota yana ba shi iko a kan bakin fartanya, ya cire ciyawa a gindin shuka ba tare da ya sare ta ba, kuma huɗar hannu tana bukatar a ɗebo ƙasa a juya ta, aikin da dogon ƙota ba ya yi da kyau. Duk mai binciken da ya zo da sabuwar ƙira bai zauna da maƙeri da manomi ba, kayansa a ɗakin gwaji za su tsufa. Tambayar da ta fi amfani ita ce tsawon ƙota da kusurwar ruwan fartanya da suka dace da kowane aiki da kowace ƙasa, jigawa ko laka, da kuma tsawon lokacin da ya kamata a yi kafin a miƙe.

Gammo

Jarka mai lita 25 tana da nauyin kilo 25 idan ta cika. Buhun taki kilo 50 ne, buhun masara a kasuwannin hatsi irin su Dandume da Sheme yakan kai kilo 100, kuma 'yan dako suna ɗora shi a ka ko a wuya su hau da shi mota. Ruwa da itacen girki da tallar yara duk a kan gammo suke tafiya.

Wannan shi ne aikin Afirka da ya fi jan hankalin masana daga waje. A 1986 Geoffrey Maloiy na Jami'ar Nairobi da Norman Heglund da abokansu suka buga a mujallar Nature cewa matan ƙabilun Luo da Kikuyu na Kenya suna ɗaukar kaya har kashi 20 cikin 100 na nauyinsu ba tare da iskar da jikinsu ke ƙonawa ta ƙaru ba, kuma suna iya kaiwa kashi 70. A 1995 Heglund ya kawo bayani. A kowane taku jiki yana ɗan hawa sama ya rage gudu, sannan ya sauko ya ƙara gudu, kuma mai tafiya yana cin moriyar kamar kashi 65 na wannan musaya. Matan da suka saba da kaya sun kai kusan kashi 80. Labarin ya yi daɗin ji, ya bazu. Amma an gina shi a kan mata 'yan ƙalilan, kuma da Ray Lloyd da abokansa suka sake gwadawa da matan Xhosa a Afirka ta Kudu, sakamakon da suka fitar a 2010 bai nuna wannan rangwame ga yawancinsu ba. Da dama daga matan sun yi kukan ciwon wuya.

Ta fuskar lissafi, kaya a ka yana da fa'ida ɗaya babba: yana bisa tsakiyar jiki, don haka ba ya jan mutum gaba ko gefe kamar bokiti a hannu. Illarsa kuwa a ƙasusuwa bakwai na wuya take, waɗanda aka halitta su ɗauki kan da bai wuce kilo 5 ba. Nazarin da aka yi a Ghana da Saliyo ya samu zaizayar ƙashin wuya ta fi yawa a masu dakon ka. Haɗari mafi muni yana zuwa ne lokacin ɗorawa da saukewa, ko idan ɗan dako ya yi tuntuɓe da buhu a kansa. Abin da ke faruwa ga yarinyar da ta fara ɗaukar tulu tana shekara bakwai, ƙashinta bai gama ƙwari ba, tambaya ce da ke jiran mai bibiyar yara na tsawon shekaru.

Gwiwa

Tafiya tana bukatar gwiwa ta lanƙwashe kamar digiri 60, zama a kujera kamar 90. Tsugunno da zaman tahiya suna haura 150. Musulmi mai salloli biyar yana kai gwiwarsa wannan matsayi sau da dama kullum, ban da zaman cin abinci da alwala da wanki da kewayawa. Gwiwar roba da ƙarfe da aka saba dasawa takan tsaya a wajejen digiri 110 zuwa 125, domin an ƙera ta ne don mai hawa bene da zama a kujera. Dattijon da aka yi wa aiki ya warke sarai a idon likita, amma yana iya ƙarasa rayuwarsa yana salla a zaune.

Ko tsugunno yana cin gwiwa ko yana kare ta, masana ba su daidaita ba. Wani babban nazari a birnin Beijing ya alaƙanta yawan tsugunno tun ƙuruciya da amosanin gwiwa a tsufa. Wani kuma da aka buga a 2020 kan mutanen Hadza na Tanzaniya ya nuna cewa suna hutawa kusan awa goma a yini kamar ma'aikatan ofis, amma da yake wani ɓangare na hutun a tsugune ko a durƙushe suke yin sa, tsokokin ƙafarsu ba sa daina aiki a lokacin. Mai yiwuwa duka biyun gaskiya ne, kuma bambancin yana ga tsawon lokaci, da nauyin jiki, da ko mutum yana tashi daga tsugunnon da kaya.

Cututtuka biyu sun ƙara wa arewa nata nauyin. Sikila takan toshe jinin da ke ciyar da kan ƙashin cinya, ƙashin ya mutu ya lotsa, matashi ɗan shekara ashirin ya koma ɗingishi. Shan inna kuwa, duk da an tabbatar da Afirka ta rabu da ƙwayarsa ta daji a watan Agustan 2020, ya bar dubban manya da ke tafiya da hannu, ko sanda, ko keken guragu, kuma kafaɗunsu ne ke ɗaukar aikin ƙafa shekara da shekaru.

Mai ɗori

Idan aka samu karaya a ƙauye, daga faɗuwar babur ko daga bishiya, yawanci gidan mai ɗori ake fara nufa. Sana'ar gado ce, a wasu garuruwa har da sarautarta. Yana kusa, kuɗinsa da sauƙi, ana iya biyansa bayan an warke, ga kuma tsoron da mutane ke yi cewa asibiti yankewa suke yi.

Aikinsa lissafin ƙarfi ne tsantsa, ko da bai kira shi haka ba. Yana jan gaɓar don ya rinjayi tsokokin da suka ɗame suka haɗa guntayen ƙashi a karkace, ya daidaita, ya jera karan ɗori ya ɗaure. Ɗaurin da ke barin ɗan motsi kaɗan yana da goyon bayan kimiyya, domin ƙaramin motsi yana zaburar da ƙashi ya fitar da sabon ƙullin da zai haɗe shi. Likita Augusto Sarmiento ya yi suna a Amurka tun shekarun 1960 da wani ɗauri da ke barin mai karayar ƙwauri ya taka da wuri.

Matsalar tana ga matsi. Gaɓar da ta karye tana kumbura a kwanakin farko, kuma tsokokinta suna cikin jakunkuna marasa miƙewa. Idan ɗauri ya yi tsauri, matsin ciki ya fi ƙarfin jinin da ke shiga, tsoka takan fara mutuwa cikin awoyi kaɗan. Ƙarshenta hannu ya ƙandare, ko ya ruɓe a yanke. Likitocin ƙashi a Najeriya sun sha rubuta rahotanni kan yaran da suka rasa hannu ta wannan hanya, kuma da yake a makare ake kai su, yankewar ce ke ƙara tabbatar wa jama'a tsoronsu. Karayar da ta fasa fata, da wadda ta shiga cikin gaɓa, da ta wuyan ƙashin cinya, ba na karan ɗori ba ne. Auna matsin da ke ƙarƙashin ɗaurin gargajiya aiki ne da ƙaramar na'ura za ta iya, kuma sakamakonsa zai fi wa'azi tasiri a wurin masu sana'ar, waɗanda su ma ba sa son sunan gidansu ya ɓaci.

Hanyar zama masani

Ana shiga fannin ta ƙofofi da dama: gashin ƙashi, ilimin wasanni da motsa jiki, ilimin ƙirar jiki, injiniyanci, ko tiyatar ƙashi. Ƙofar gashin ƙashi ta fi faɗi. Sana'ar ta shigo Najeriya a 1945 ta asibitin ƙashi na Igbobi a Legas, Jami'ar Ibadan ta fara digirinta a 1966, kuma dokar da ta kafa hukumar rajistar masu wannan aiki ta fito a 1988. A arewa cibiyar ita ce Kano, inda asibitin ƙashi na Dala yake tun 1959, kuma Jami'ar Bayero take horar da ɗalibai har matakin digiri na uku. Ɗan Faskari ko Sabuwa da ke son wannan hanya zai bukaci sakamako mai kyau a lissafi, fiziks, kemistiri da bayoloji, ya ci JAMB, ya yi aƙalla shekara biyar a jami'a, shekara ɗaya ta sanin makamar aiki, sannan hidimar ƙasa.

Daga nan tsanin jami'a ya fara: mataimakin malami, malami mai daraja ta biyu, ta ɗaya, babban malami, mataimakin farfesa, farfesa. Kowane hawa yana bukatar shekaru da adadin maƙalolin da aka buga, kuma ba a nisa sai da digiri na uku. Wannan tsari yana da tasiri a kan irin binciken da ake yi. Malamin da ke koyar da ɗaruruwan ɗalibai, yana duba marasa lafiya, kuma ana ƙirga masa maƙala, zai fi karkata ga raba takardar tambayoyi kan ciwon baya, abin da ake gamawa cikin wata uku, a kan awon da zai ci shekara biyu. Yajin aiki ma yana cin nasa. Na 2022 ya rufe jami'o'in tarayya wata takwas. Asusun TETFund yana ba da tallafin bincike, a baya kuma ya ba da na karatu a waje, sai dai ba duk wanda ya tafi yake dawowa ba, wanda ya dawo kuma sau da yawa yakan tarar babu na'urorin da ya koyi aiki da su.

Cikakken ɗakin gwajin tafiya yana da kyamarori masu bin ɗigon da aka manna a jiki, da faranti a ƙasa mai auna ƙarfin taku, da wayoyi masu karanta lantarkin tsoka. Kuɗinsa da kuɗin waje ake biya, kuma yana son wutar da ba ta ɗaukewa. Amma farashin shiga fannin ya faɗi. Manhajar OpenSim da Jami'ar Stanford ta fitar a 2007 kyauta ce, kuma tana lissafa ƙarfin tsokoki daga motsin da aka ɗauka. OpenCap, wadda aka buga bayaninta a 2023, tana ɗaukar motsi da wayoyin iPhone biyu. Akwai kuma ƙananan na'urori da ake ɗaurawa a baya ko cinya, su wuni suna rubuta kusurwar sunkuyo. Ga mai nazarin noma waɗannan sun fi ɗakin gwaji dacewa, tunda ba a huɗa a kan siminti.

Aikin fili a yankin yana da nasa sharuɗɗa. Kyamara tana bukatar ganin gaɓoɓi, zani da hijabi da babbar riga kuwa suna rufe su, don haka na'urar da ake sawa ƙarƙashin tufa ta fi aiki. Ba za a auna daka da surfe da ɗibar ruwa ba sai da mata masu bincike da za su shiga cikin gida, kuma da yardar maigida da mai unguwa, bayan amincewar kwamitin ɗa'ar bincike. Matsalar tsaro da ta addabi Faskari, Ƙanƙara da Sabuwa a shekarun nan ta sa shiga wasu ƙauyuka ya yi wuya, ta kuma ƙaro raunin harsashi a kan karayar da likitoci suka saba gani. Mai bincike yakan fara ne daga inda zai iya kaiwa: 'yan dakon kasuwar hatsi, 'yan garuwa, masu jinya a babban asibitin Funtuwa, da waɗanda aka tura asibitocin Shika, Katsina ko Dala. Sakamakon kuma yana da masu jiransa a kusa: sashen injinan noma na Cibiyar Binciken Aikin Gona da ke Samaru, masu ƙera ƙafar roba da takalmin ƙarfe, maƙeran da ke sa ƙota, da ƙungiyoyin 'yan dako da ke da ta cewa kan girman buhu.